Na ce wa Alhaji na iya zane a kwamfuta, yanzu saura kwana 12 a kai takardu banki

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya zafi. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni ina Garwa a Kamaru, shekarata 24, ina da aure da ɗa ɗaya. Wata huɗu kenan da kawuna ya samo min aikin sakatariya a wani kamfanin kayan gini, siminti da kwano da rodi, mai wurin abokinsa ne tun suna yara. Na yi koyon kwamfuta na wata shida, Word da Excel ba laifi ina rubuta wasiƙa ina yin faktir, wato takardar kuɗin kaya. To satin da ya wuce Alhaji mai wurin ya kira ni yace suna neman bashi a banki, cikin takardun da za'a haɗa ana son organigram na kamfani, zanen da ke nuna waye ke saman waye, da wani zanen kuma na yadda kaya ke shiga magazan, wato sito, da yadda suke fita, yace ai kin iya ko, ni kuma a gaban mutane ne kunya ta hana ni cewa a'a sai nace eh. Anti wallahi ban taɓa yi ba. Na gwada a Word, da na ja akwati ɗaya sai kibiyoyin su watse rubutu ya gudu shafi na biyu, har kuka nayi. Akwai wani yaro a ofis ɗin da ya karanci kwamfuta yana da manhajar zane Visio a kwamfutarshi, na roƙe shi ya nuna min sai yayi dariya yace ai ance kin iya, daga baya yace in kawo kile, wato filashi, ya saka min wanda aka fasa mara lasisi a kwamfutar ofis. Maigidana yace in daina wahalar da kaina in kai siber, wato shagon intanet, a yi min, sun ce sefa dubu 10 kuma ba wanda zai sani. Abin da yafi damuna kuma, babban ɗan Alhaji ya tare ni yace in tabbata na sa shi a saman kontabul, wato akanta, shi kuma kontabul ya daɗe a wurin sosai komai shi ake tambaya, shima yace in nuna masa kafin in kai wa Alhaji. Saura kwana 12. Ina tsoron in kunyata kawu, ina tsoron a sallame ni, bana ma iya barci. Ya zan yi?

Ƙanwarki daga Garwa

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya yaro ya albarkaci aurenku. Ki share hawayen tukuna ki zauna mu yi magana, domin cikin duk abin da kika lissafa min, wanda ya sa ki kuka shi ne mafi sauƙi. Ba ke ce baki da kai ba, Word ɗin ne ba don wannan aikin aka gina shi ba. A Word kowane akwati da kika zana yana ɗaure ne da wani layin rubutu a ɓoye, shi ya sa in rubutu ya motsa akwatin ke binsa, kuma kibiyoyi basa manne wa akwatuna sai in a cikin wani fili na musamman na zane kika sa su, abin da yawancin wuraren koyon kwamfuta basa ko ambata a wata shidan nan. Manyan sakatarori da suka shekara suna aiki ma haka yake musu. Saboda haka cire wannan daga ranki.

Maganar "eh" ɗin da kika ce kuwa, bazan ce miki daidai bane, amma na san yadda take fitowa, yarinya sabuwa a wuri, babban mutum abokin kawunki ya tambaye ki a gaban jama'a, baki ya riga tunani. Abin da bana so shi ne ki bar ta ta girma. Yau in kika gyara maganar minti biyu ce, in kika bari sai ana gobe za'a kai takardu sannan ta fito, lokacin ta zama wani abu daban. Ki samu Alhaji shi kaɗai, ba a gaban ɗansa ba, ba a gaban kontabul ba, kuma kar ki je hannu rabbana, ki je da takarda da kika fara zana wani abu da fensir a kai. Ki ce masa, Alhaji zanen nan da ka ce ban taɓa yin irinsa ba gaskiya, amma na samu hanyar yinsa kuma na fara, ga na gwaji a takarda ina so ka duba min kafin in sa a kwamfuta. Iyakar kenan. Kar ki yi ta rantse-rantse da ban haƙuri mai tsawo. Ki duba lamarin ta idonsa: shi ba jarrabawa yake miki ba, bashi yake nema, abin da ke hana shi barci shi ne a dawo masa da takardunsa ace basu cika ba. Mutumin da ke cikin wannan halin in ma'aikaciyarsa ta zo da wuri ta faɗa masa gaskiya da aiki a hannu, zai fi yarda da ita akan da. Kawu ma mutuncinsa yana wurin ace yarinyar da ya kawo mai amana ce, ba wai ace ta san komai tun ranar farko ba. In kina da sakewa da shi ki faɗa masa abin da ake ciki da bakinki, ya fi ya ji a majalisa.

Shawarar maigidanki ba ta banza bace, tausayinki ne ya ji, ya ga matarsa bata barci ya nemo hanya mafi kusa. Ki gode masa. Amma ki zauna ki nuna masa inda matsalar take. Mai siber bai san kamfaninku ba, duk abin da zai zana ke ce za ki faɗa masa, kenan babban aikin yana nan a kanki ko kin biya ko baki biya ba. Sannan yawanci PDF ko hoto za'a baki, ranar da Alhaji yace a canza suna ɗaya ko a ƙara direba, kuma wallahi zai faɗa, sai ki sake hawa mashin ki koma ki sake biya, wataƙila ma yaron da ya yi miki baya nan. Ga kuma sirrin kamfani, waye ke riƙe kuɗi, waye ke sa hannu, yana zaune a kwamfutar da kowa ke taɓawa. Ki ajiye siber a matsayin mafita ta ƙarshe, zan dawo kanta. Abin da za ki roƙi maigida shi ne ya riƙe miki yaro awa ɗaya bayan isha'i na ƴan kwanaki in akwai kwamfutar da za ki iya aro ki zo da ita gida, da ɗan kuɗin forfe, wato data, wannan yafi dubu goman amfani nesa ba kusa ba.

Shi kuma yaron ofis ɗinku, dariyar da ya yi bata yi min daɗi ba, amma kar ki ɗauke shi abokin gaba, sau da yawa wanda ya sha wahalar karatu yana ganin an kawo wani ta hanyar sanayya sai abin ya tsaya masa a rai, ba lallai mugunta bace. Visio manhaja ce mai kyau, ta Microsoft ce tun shekarar 2000 da suka sayi kamfanin da ya ƙirƙire ta, amma bata cikin Office ɗin da kika saba, sayenta ake daban. Wadda aka fasa kuwa kar ki yarda ta shiga kwamfutar ofis ko da wasa. Irin waɗannan su ne ke zuwa da bairos, kuma a kwamfutar nan faktir-faktir ɗin kamfani suke, in wani abu ya lalace ba za'a ce shi ba, ke za'a ce don ke ke zama a gabanta. Ki ce masa kin gode kin samu wata hanya. Daga baya in kin zana naki, ki kira shi da rana a ofis kowa na nan kice dan Allah duba min ko akwai gyara, kin ba shi girmansa kenan kuma aikin na hannunki.

To wace manhaja? Ni draw.io zan ce miki. Kyauta ce, ba a biyan ko dala, ba sai kin buɗe akawun ba. Ana iya buɗe ta a intanet a app.diagrams.net ta tambaye ki inda za ki ajiye aikin sai ki zaɓi kan kwamfutarki, amma wadda nafi so miki ita ce wadda ake saukewa a girka, sau ɗaya za ki kashe mega ɗari da wani abu daga shafinsu na asali, daga nan tana aiki ba intanet kwata-kwata, kin san halin rezo ɗinmu, sabis ɗin intanet. Ana iya mayar da ita Faransanci, ki nemi wurin canza harshe tun farko don menu ɗin ya yi kama da na Word ɗin da kika saba. Tana ma buɗe fayil ɗin Visio, in wata rana wani ya turo miki. In kwamfutar ofis tsohuwa ce mai Windows 7 sabuwar ba za ta hau ba, sai ki yi amfani da ta intanet ɗin. Akwai LibreOffice Draw ita ma kyauta ce kuma bata buƙatar intanet, akwai Lucidchart amma sai da akawun da intanet kuma na kyautan yana da iyaka. Kar ki tsaya gwada su ɗaya bayan ɗaya, baki da lokacin wannan, ɗauki ɗaya ki riƙe. A waya kuma kar ki ma fara, allon ya yi ƙanƙanta yatsa baya kama bakin akwati, sai dai ki ƙara wa kanki ɓacin rai.

Amma kafin ki taɓa linzamin kwamfuta, takarda da fensir. Manhajar nan kamar keken ɗinki take, in tela bai auna mutum ba komai kyan keken rigar ba za ta shiga ba. Awon naki shi ne sanin yadda kamfanin yake da gaske, kuma nan ne maganar ɗan Alhaji da kontabul ta shigo, wadda a ganina ita ce ainihin abin da ke hana ki barci ba kibiyoyin Word ba.

Ƙanwata ki ji ni da kyau, wannan rigimar ba taki bace, ta girme ki a wurin, kin zo kin same ta ne. A kamfanonin gida irin namu shekaru ake yi ana tafiya ba a taɓa faɗa a fili waye ke saman waye ba, kowa ya san matsayinsa a zuci ana kawaici ana wucewa, ɗa yana ganin gado nasa ne, tsohon ma'aikaci yana ganin da guminsa aka gina wurin, kuma duka biyun suna da gaskiyarsu. Ranar da akace a zana a takarda ɗaya, ranar ce kawaicin ke ƙarewa, don akwati ko yana sama ko yana ƙasa. Kowannensu ya gane haka shi ya sa suka rigo Alhaji zuwa wurinki. In kika bi ɗan, kin ɓata da mutumin da kullum za ki kai wa faktir. In kika bi kontabul, kin ɓata da wanda wataƙila gobe shi ne mai wurin. Saboda haka kar ki bi kowa, kuma kar ki yi wa kowa alkawari. In ɗan ya sake tare ki kice, Yaya ai wannan ba ni ke yankewa ba, abin da Alhaji yace shi zan zana. In kontabul ya tambaya kice, Malam Alhaji yace shi zai fara gani, in ya amince zan kawo maka. Magana ɗaya ga kowa, da fara'a, ba ƙari.

A zanen fensir ɗin da za ki kai wa Alhaji, ki rubuta sunan aiki ba sunan mutum ba. Shi a sama, ƙarƙashinsa layi ɗaya a jere: ɓangaren kuɗi, ɓangaren sayarwa, magazan, motoci, kowane da akwatinsa daidai girman ɗan uwansa, sannan ƙarƙashin kowanne masu yi masa aiki, mai kes (mai karɓar kuɗi), yaran shago, masu lodi, direbobi. Ki bar wurin sunaye fili. Sai ki miƙa masa fensir ɗin kice Alhaji wa zan sa a nan, wa zan sa a nan, akwai mataimaki tsakaninka da su ko kowa kai tsaye yake zuwa wurinka? In yana son ɗansa ya zama mataimakinsa da bakinsa zai faɗa, da hannunsa zai nuna. In akwai wani ɗan uwa da ake girmamawa amma baya aikin yau da kullum, ƙanen Alhaji ko wani dattijo, ana sa shi a gefe a haɗa shi da layi mai ɗigo-ɗigo a matsayin mai bada shawara, an girmama shi kuma ba'a yi ƙarya ba. Wani abu da za ki iya faɗa wa Alhaji cikin ladabi in ya tsaya yana tunani: mutanen banki abin da suke nema a zanen shi ne su ga wa ke sa hannu, wa ke riƙe kuɗi, wa ke riƙe kaya, kuma hankalinsu yafi kwanciya in suka ga mai karɓar kuɗi daban mai rubuta lissafi daban. Suna iya zuwa su tambayi ma'aikata, to gara abin da ke takarda ya zama shi ne a ƙasa. In ya gama ki roƙe shi ya sa hannu ko ɗan alama a kan takardar fensir ɗin ki adana ta a jakarki. Duk wanda ya zo da ƙorafi daga baya ba sai kin yi musu ba.

Zane na biyu, na shiga da fitar kaya, ba a ofis ake samunsa ba, a magazan yake. Ki ɗauki littafi ki je wurin mai kula da magazan ki gaishe shi da kyau kice kin zo ya koya miki, mutane na son a tambaye su aikinsu kuma matambayi baya ɓata. In Allah ya sa mota ta zo kina nan, misali tirelar siminti daga Figil, ki tsaya a inuwa ki kalla da idonki. Direba ya sauko da bon, wato takardar rakiyar kaya, a hannu, wa ya fara karɓa? Wa ke tsayawa yana ƙirga buhu ana saukewa? In bon yace 600 aka ƙirga 597, ko aka samu uku sun fashe, me ake yi, ana sa hannu a rubuta ragin ne ko ana kiran wani a waya tukuna? Bayan an sa hannu takardar wurin wa take zuwa, a wane littafi ake shigar da ita, yaushe take isa teburin kontabul? Duk inda yace miki "sai kawai mu shigar" ki tsayar da shi kice wa ke shigarwa, a ina. Haka za ki bi fitar kaya ma, daga lokacin da mai saye ya biya a kes har mota ko amalanke ta fita ƙofa. Ki rubuta kowane mataki a layi guda, gajere, da aikatau a farko, karɓi bon, ƙirga buhu, sa hannu. Kar ki yi mamaki in kika ga abin da mai magazan ya faɗa ya bambanta da abin da kontabul ya faɗa, yana faruwa sosai, ki rubuta duka biyun ki kai wa Alhaji ya zaɓa, wataƙila ma shi kansa bai san haka ake yi ba.

Siffofin da za ki yi aiki da su huɗu ne kacal. Mai kamar ƙwai na farawa da gamawa ne. Akwati mai kusurwa huɗu na aikin da ake yi ne. Wanda aka tsayar a kan tsininsa, mai tsini sama da ƙasa da gefe biyu, na tambaya ne, kamar "buhu sun cika?", kuma dole kibiya biyu su fita daga cikinsa, ɗaya Oui (eh) ɗaya Non (a'a), kowacce ta je wani wuri, kar ki bar ɗaya a rataye. Sai kibiyar kanta. Waɗannan alamomin ba ra'ayin wani bane, ƙa'ida ce ta duniya da aka rubuta a ISO 5807 tun 1985, shi ya sa ma'aikacin banki a Garwa ko Duwala da ya gani zai karanta ba sai an yi masa bayani ba. Tunda takardun da Faransanci za su tafi, ki rubuta kalmomin cikin akwatunan da Faransanci tun a takarda ki sa wani ya duba miki rubutun. In kina son ganin bidiyo ki rubuta logigramme draw.io (na zanen matakai) ko organigramme draw.io a YouTube, guda ɗaya gajere ya isa, kar ki ƙone forfe a kallo.

Yanzu ga ki gaban kwamfuta. Da kin buɗe sabon shafi za ki ga wuri uku, hagu siffofi ne a jere, tsakiya farin fili mai ƙananan layuka kamar littafin lissafi, dama kuma wurin gyara kala da girman rubutu. Abu na farko ki sa takardar ta zama A4, ta organigram a kwance ta matakan kaya a tsaye, don kar ki gama ki ga zanen ya haye shafi biyu. Ki kama akwati daga hagu ki ja shi tsakiya ki sake, ki danna shi sau biyu ki rubuta a ciki. Sai ki kai linzamin kansa ba tare da kin danna ba, za ki ga ƙananan kibiyoyi shuɗaye sun fito ta gefe huɗu, in kika danna ta ƙasa za ta taimaka miki ki samu sabon akwati a ƙasa an riga an haɗa su da kibiya, in kuma kika kama ta kika ja zuwa wani akwatin da ke nan, ki jira sai bakin akwatin ya yi haske sannan ki sake, alamar ta kama kenan. Ki gwada, ja akwatin gefe, in kibiyar ta biyo shi to ta manne, in ta tsaya a inda take bata kama ba sake ja. Wannan abu ɗaya in kika iya shi kin iya rabin manhajar, kuma shi ne Word ya hana ki. Ki gyara akwati ɗaya ya yi yadda kike so sannan ki riƙa danna Ctrl da D yana haifar miki irinsa, duk su fito girma ɗaya. In kin yi kuskure Ctrl da Z ya mayar da ke baya, sai dai ki duba inda Z yake don allon rubutu na Faransa da na Ingila ba wuri ɗaya suka sa shi ba. In kina jan akwati za ki ga wasu layuka suna fitowa suna nuna miki ya yi daidai da na kusa da shi, ki bi su, jeruwar nan ita ke sa zane ya yi kama da na ƙwararru.

Daren farko kar ki zana na kamfani. Zana gidanku, kaka a sama, ƴaƴanta, jikoki, ko matakan dafa shinkafa da tambayar "ta nuna?" a tsakiya, abin da ba za ki ji tsoron ɓatawa ba, ki yi ta ja kina gogewa har hannunki ya saba. Dare na biyu sai ki ɗauko takardar da Alhaji ya sa wa hannu ki kwafe ta kamar yadda take. Zan ja kunnenki a kan kwalliya, don na san mu, da an ga kaloli sai a so a zuba duka. Kala ɗaya mara ƙarfi ko fari kawai, baƙin rubutu, girmansa kar ya gaza 11 ko 12, domin wataƙila baƙi da fari za'a buga kuma a yi fotokopi, ja da shuɗi mai duhu duk baƙi suke komawa rubutun ya ɓace. Kibiyoyi kar su riƙa tsallake juna, in kin ga sun sarƙe matsar da akwatunan ba kibiyoyin ba. A ƙasan shafi ki sa sunan kamfani da kwanan wata.

Ajiya kuma, Ctrl da S duk bayan ƴan mintuna ya zama miki ɗabi'a, kin san wutarmu musamman lokacin zafi in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, tafiya take ba sallama. Fayil ɗin da manhajar ke ajiyewa mai ƙarewa da .drawio shi ne uwar aikin, shi ake buɗewa a gyara, kar ki taɓa goge shi. Daga shi za ki fitar da PDF don bugawa, ko hoton PNG in za'a saka zanen cikin takardar Word, kuma wurin fitar da PNG ki ƙara girman (zoom) zuwa 200% don kar ya fito dishi-dishi. Ki ajiye kwafi a kile mai tsabta, ki tura wa kanki wani ta imel. In an yi gyara ki sake suna da kwanan wata maimakon ki danne tsohon, don Alhaji na iya cewa a dawo da na jiya.

Kwana 12 sun isa har da saura. Biyu ko uku na farko na takarda ne da magazan da ganin Alhaji, uku na koyo da zanawa, sannan ki buga na gwaji ki kai masa tun saura kwana biyar don gyara ya samu wuri. In kuma wani abu ya gitta, yaro ba lafiya ko kwamfuta ta ƙi, kika ga saura kwana uku baki gama ba, ga hanyoyi biyu. Organigram ɗin PowerPoint na iya fitar miki da shi cikin ɗan lokaci, ki shiga Insertion, SmartArt, Hiérarchie, ki rubuta sunayen ayyukan shi zai jera akwatunan da kansa, ba zai yi kyan na draw.io ba amma zai shiga cikin takardu ba kunya. Na matakan kayan kuma shi ne za ki iya kai wa siber ko ki roƙi yaron ofis ɗin, amma da sanin Alhaji, ki je da takardarki da kika riga kika zana, ki zauna kusa da mai yin kina kallon hannunsa, ki ce a draw.io za'a yi, ki karɓi uwar fayil ɗin ba PDF kaɗai ba, kuma a goge shi daga kwamfutarsu a gabanki.

Gobe da safe ki fara da magazan kafin rana ta yi zafi, Alhaji kuma ki same shi bayan azahar lokacin da mutane suka ragu. In kibiya ta ƙi kamawa ko wani abu ya tsaya miki ki ɗauki hoton allon ki turo min, amma ki rufe sunayen mutane kafin ki turo. Ki gaida maigida da yaro, Allah ya bada sa'a.